Wa Ya Ce Sankarar Fata Ciwon Turawa Ne Kawai?

A wannan fitowar na ce bari mu ɗan ajiye zancen biki da ƙwallo, mu taɓa wani abu da kowannenmu yake yawo da shi dare da rana amma ba kasafai yake tsayawa ya dube shi ba, wato fatar jikinmu.

Mu da muka tashi a nan Ingila, a tsakanin asibiti biyu muka girma. Na farko shi ne ɗakin Mama, inda kowane ƙurji maganinsa man kaɗanya ne ko Vaseline, ko kuma a ce maka "bar shi, zafi ne, zai baje." Na biyu shi ne wajen likitan unguwa da ake kira GP, inda za a ba ka minti goma, a duba, a rubuta man shafawa, a ce in bai tafi ba nan da sati biyu ka dawo. Kowanne yana da ranarsa. Sai dai akwai wata magana da ta zauna wa mutanenmu a kai, wai sankarar fata ciwon Turawa ne masu kwanciya a bakin teku suna shanya jiki a rana, mu kuwa Allah Ya rufa mana asiri da baƙar fata. To, rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin ne yake kai mutane kabari, kuma a kansa nake so mu tattauna. Ni ɗalibar fannin harhaɗa magunguna ce, kuma ranar Asabar ina ɗan taɓa aiki a wani kemis, shi ya sa zancen ya dame ni.

Rabin da yake gaskiya

Abin da ya ba fatarmu launinta wani sinadari ne da ake kira melanin. Aikinsa shi ne ya tare wani ɓangare na hasken rana mai lahani kafin ya isa cikin ƙwayoyin fata ya ɓata su. Da yake namu yana da yawa, ba mu cika kamuwa da sankarar da rana ke haddasawa ba. Ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta Amurka ta ƙiyasta cewa a tsawon rayuwa, Bature 1 cikin 33 zai kamu da melanoma, wadda ita ce mafi haɗari a cikin sankarar fata. A cikin baƙaƙen fata kuwa 1 ne cikin 1,000. Alhamdu lillahi, wannan ni'ima ce.

Amma ku ji sauran lissafin. A can Amurkan dai, in aka ɗauki Turawa 100 da aka gano musu melanoma, sama da 90 suna nan da ransu bayan shekara biyar. In aka ɗauki baƙaƙe 100, kusan 70 ne kawai. Kun ga ke nan ba ta cika kama mu ba, amma in ta kama ta fi yi mana illa. Babban dalili shi ne ba a ganowa da wuri. Mai ciwon bai zata ba, danginsa ba su zata ba, wani lokaci ma likitan bai kawo ta a ransa ba. Kafin a farga ta riga ta yi jijiya.

Abin da ya faru da Bob Marley

Babu wanda bai san Bob Marley ba, ko a motar Baba ka ji shi ko a shagon aski. Amma mutum nawa ne suka san abin da ya yi ajalinsa? A shekarar 1977, shekarar da ya zauna a Landan ya fitar da faifan Exodus, wani baƙin tabo ya dame shi a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa. Da yake mutum ne mai son buga ƙwallo, da farko an ɗauka rauni ne ya ji a fili. Da aka yi gwaji sai aka ga melanoma ce. Likitoci suka ba da shawarar a yanke yatsan, bai amince ba, sai aka cire farcen da naman da ke ƙarƙashinsa kawai. Ya ci gaba da waƙa da yawon duniya. A watan Satumba na 1980 ya yanke jiki ya faɗi yana gudun motsa jiki a birnin New York, aka duba aka ga ciwon ya bazu har huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Ya mutu a Miami ranar 11 ga Mayu, 1981, yana ɗan shekara 36.

Irin melanomar da ta kama shi ita ce aka fi samu a jikin baƙaƙen fata, kuma ba ruwanta da zafin rana. Wuraren da take fitowa su ne tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, wato inda fatarmu ta fi haske, inda kuma babu wanda yake dubawa. Yaushe rabonka da ka juya tafin ƙafarka ka kalle shi da kyau?

Littafin likita bai san mu ba

Akwai wata matsala da duk ɗalibin kiwon lafiya a ƙasar nan zai gaya muku. Ka buɗe littafin cututtukan fata, shafi bayan shafi farar fata ce. Ana koya mana cewa alamar kumburi ita ce wurin ya yi ja. To jama'a, a jikin wa? A fata irin tawa, abin da zai yi ja a jikin Bature sai ya fito ruwan toka, ko ruwan makuba, ko kawai wurin ya ƙara duhu. In likita ja yake nema, zai iya cewa abin bai yi tsanani ba alhali kai ka kwana kana susa.

Wannan ne ya sa wani ɗalibin likitanci ɗan asalin Zimbabuwe, Malone Mukwende, a jami'ar St George's da ke Landan, ya haɗa kai da malamansa biyu suka fitar da ɗan littafi mai suna Mind the Gap a shekarar 2020, wanda ke nuna yadda cututtuka ke bayyana a baƙar fata. A lokacin ɗalibi ne fa kamar ni da ku. An fara gyara, amma kafin gyaran ya game ko'ina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dole mu san fatarmu da kanmu.

Yawancinsu ba abin tashin hankali ba ne

Kada wani ya karanta wannan ya kasa barci saboda ya ga ɗan ƙurji a wuya. Galibin abubuwan da ke fito mana ba su da alaƙa da sankara ko kaɗan. Bari in ɗan zayyano waɗanda muka fi gani.

Akwai bushewar fata da ƙaiƙayi da likitoci ke kira ekzima. Sanyin ƙasar nan, da hitar da ke kunne a ɗaki dare da rana, da ruwan famfon Landan da ke barin farin ɓawo a butar shayi, duk suna ƙara tayar da ita. Ta fi son lanƙwasar hannu da bayan gwiwa da wuya. A nan kam Mama tana da gaskiya, mai mai kauri bayan wanka shi ne rabin magani. In ta warke takan bar baƙin tabo da zai ɗauki watanni kafin ya dushe.

Akwai kyasbi, wanda wani nau'in naman gwari ne da ke zaune a fatar kowa, sai zufa da maiƙo su sa ya yi yawa. Da yawa daga cikinmu da shi muke dawowa daga hutun gida. Sabulun wanke gashi mai maganin ketokonazol yana kashe shi, amma launin wurin sai a hankali yake komawa daidai. Makero kuwa yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. In a kan yaro ya fito, shafe-shafe kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da maganin sha daga likita, kuma a kula da injin aski da mataji da hula.

Samari kuma ga ƙurajen aski. Gashinmu a murɗe yake, in aka kankare shi ƙwal sai ya lanƙwasa ya koma cikin fata, wurin ya kumbura. Wasu har ƙeyarsu takan yi gudaji-gudaji masu tauri. A rage kankarewa har ƙasa, a bar ɗan gashi, in ta ƙi a je asibiti tun kafin ta zama tabo. Sai kiloyid, wato tabon da ke girma ya wuce iyakar raunin da ya haifar da shi. 'Yan mata mun san shi a kunne bayan huji na biyu ko na uku. Yana bin jini, don haka in kin san akwai shi a gidanku, ki yi tunani kafin ki ƙara huda. Yanke shi kawai ba tare da allura ko wani magani ba, sau da yawa dawowa yake ya fi da girma.

Su kuma 'yan baƙaƙen ɗigon nan da ke fitowa iyayenmu a kumatu da gefen ido in shekaru sun fara ja, irin na fuskar ɗan fim Morgan Freeman, ba su da wata illa. Gado ne kawai.

Ƙullutu a ƙarƙashin fata

Wannan shi ya fi tsorata mutane. Ka shafa bayanka ko wuyanka ka ji wani abu kamar ƙwallon dabino. Mafi yawan lokaci ɗayan biyu ne. Ko dai sist ne, wato wata 'yar jaka a ƙarƙashin fata da ta tara wani farin abu mai kauri mai wari, wani lokaci da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Ko kuma tarin kitse ne da ake kira lifoma, mai laushi, in ka taɓa sai ya ɗan goce, kuma ba ya ciwo. Dukansu biyu ba sankara ba ne.

Inda muke jawo wa kanmu shi ne wajen matsa. A gida wanzami ake kira ya yi sakiya, a nan kuma mutum ya kalli bidiyo a YouTube ya ɗauko allura ya tsaya gaban madubi. Sist ba maruru ba ne. Ko ka matse abin da ke ciki tas, jakar tana nan, za ta sake cika. Abin da za ka ƙara shi ne ƙwayoyin cuta, da tabo, wataƙila ma da kiloyid. In yana damun ka, likita ne zai cire shi da jakarsa gaba ɗaya. Sai dai ku sani, NHS ba ta cika cirewa don kwalliya kawai ba, sai in yana ciwo ko yana yawan ruruwa.

Ƙullutun da ya kamata a kai wa likita ba tare da jinkiri ba shi ne wanda yake girma da sauri, ko yake da tauri kuma ba ya motsi, ko ya wuce santimita 5, ko ya dawo bayan an cire shi.

To, ina za mu duba?

Wallahi mu Musulmi an sauƙaƙa mana wannan aikin. Sau biyar a rana muna wanke hannu da ƙafa, har da tsettsefe yatsu. Abin da ya rage shi ne ko sau ɗaya a wata mutum ya buɗe ido ya kalli abin da yake wankewa. Ga abubuwan lura:

1. Sabon baƙin tabo a tafin ƙafa ko tafin hannu, musamman wanda gefensa ba daidai ba ne, ko launinsa ya gauraya, ko yake faɗaɗa.

2. Baƙin layi a farce ɗaya tak, musamman babban yatsa. A lura, mu baƙaƙe da yawa muna da siraran layuka a farata da dama, wannan ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne layin da yake sabo, yake ƙara faɗi, ko baƙin ya tsallaka ya hau fatar gefen farcen, ko farcen ya fara tsagewa. Jinin da ya taru saboda tuntuɓe yana tafiya gaba tare da farce har a yanke shi. Wanda ya tsaya wuri ɗaya wata da watanni, a nuna wa likita.

3. Tawadar Allah da ta canza kama, ta ƙara girma, ta fara ƙaiƙayi ko zubar jini.

4. Ciwon da ya wuce sati huɗu bai warke ba, ko yake warkewa yana sake buɗewa.

'Yan uwana mata, ga tamu ta musamman. Ina lalle yake rufewa? Tafin hannu, tafin ƙafa da farce. Daidai wuraren da muke magana a kai ke nan. Akwai iyayenmu da ƙafarsu ba ta rabuwa da lalle shekara da shekaru. Ban ce a daina ƙunshi ba, haba, wa zai je biki hannu fari? Amma kafin a ɗora sabo, a bari tsohon ya fita, a duba. Haka ma masu sa jan farce da farcen roba. Baƙin lallen nan da ake haɗawa da sinadarin rina gashi kuwa, shi kansa yana iya ƙona fata ya bar tabo.

Tsohon gyambo da 'yan uwanmu zabiya

Melanoma ba ita kaɗai ba ce. Sankarar fatar da ta fi yawa a cikin baƙaƙe wata ce dabam, wadda ke tasowa daga ƙwayoyin saman fata. A jikinmu takan fito a kan tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya daɗe bai warke ba, sau da yawa a ƙafa, wani lokaci bayan shekara ashirin ko talatin da samun raunin. Ku tuna kakanninmu a gida da ke da gyambo a ƙwauri, ana ta wankewa ana ɗaurewa ana cewa sammu ne ko jifa. In gyambo ya fara tudu a gefe, ko ya canza wari, ko ya riƙa zubar jini, gwajin asibiti yake buƙata. In muna aika kuɗin magani gida, mu riƙa tambaya a kan me ake kashe su.

Waɗanda rana ta fi cutarwa kuwa su ne 'yan uwanmu zabiya. Jikinsu ba ya yin melanin yadda ya kamata, ga shi suna zaune a ƙarƙashin ranar Kano ko Damagaram ko Tamale. Sankarar fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe su tun suna matasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni na kowace shekara don wayar da kai a kansu, an fara tun 2015, kuma mawaƙin Mali Salif Keita, wanda shi ma zabiya ne, ya daɗe yana wannan fafutuka. Abin da suke buƙata ba shi da wuya a nan: man kariya daga rana mai lamba 50, malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu da tabarau. In za ku je gida hutu, a cikin akwatin tsarabar nan da ake cikawa da turare da cakulan, a samar wa kwalba biyu wuri.

Garin neman gira

Ba zan rufe ba sai na taɓo bilicin, ko da wasu antocinmu za su ji haushina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da rahoto a 2011 cewa mata 77 cikin 100 a Najeriya suna amfani da man ƙara hasken fata. Kada mu ce can ne kawai. A nan ma ana sayarwa a ƙarƙashin kanta, kuma jami'an ƙaramar hukuma sun sha kama shaguna a unguwanni irin su Peckham. A kemis ɗin da nake aiki, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba mace za ta zo ta nemi man sitiroyid mai ƙarfi ba tare da takardar likita ba, ka duba hannunta ka ga gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, sauran kuma ya yi fatau.

Abubuwa uku ne aka fi zubawa a irin waɗannan mayukan. Haidirokwinon, wanda aka hana sa shi a kayan kwalliya a Tarayyar Turai tun 2001, Kodebuwa ta hana a 2015, Gana a 2016. In aka daɗe ana shafa shi sai fuska ta yi wani baƙi-baƙi mai shuɗi da ke da wuyar magani. Sai sitiroyid, wanda ke sa fata ta yi siriri kamar leda, ta yi nankarwa, ƙuraje da makero su samu gida, ciwo ya ƙi warkewa, har yana iya jawo hawan jini da ciwon suga in ya shiga jiki. Na uku shi ne makuri, mai lalata ƙoda. Sannan duk wadda ta kankare melanin ɗinta, ta tuɓe rigar da Allah Ya ba ta ta tsaya a rana. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Wadda ta daɗe tana shafa mai sitiroyid kada ta yanke lokaci ɗaya, ta je likita ya nuna mata yadda za ta rage a hankali.

Aikin da ke kanmu

Mu ne 'ya'yan da ke cika wa iyayenmu fom, mu ne ke kiran asibiti da ƙarfe takwas na safe, mu ne ke zama a gefe muna fassara. Kun san halin iyayenmu da kunya da kawaici. Baba zai yi shekara da ciwo a ƙafa, ya sa safa ya rufe, in ka tambaya ya ce "ba komai, da sauƙi." Mama ba za ta buɗe bayanta gaban namiji ba, kuma ba za ta ce dalilin ke nan ba. To mu gaya musu cewa suna da damar neman likita mace, kuma ana iya samar musu tafinta. Ranar da kike yanke wa Mama farce ko kike shafa mata mai a ƙafa, ki duba mata. In akwai ciwon suga a gidan ma, duba ƙafa ya zama dole ta kowace fuska.

In kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku ɗauki hotonsa da waya, ku ajiye kwabo a gefe don a gane girmansa, ku sake ɗauka bayan sati biyu ko uku. In kun shiga wajen GP kada ku yi ta kewaye-kewaye. Ku faɗi ranar da ya fara, ku faɗi yadda ya canza, ku nuna hoton, ku ce kai tsaye kuna tsoron kada ya zama sankara. In likitan ya ga alama, akwai hanyar gaggawa ta tura mutum wajen ƙwararren likitan fata, kuma ƙa'idar NHS a Ingila ita ce a sanar da mutum matsayinsa cikin kwana 28. In an sallame ku amma abin ya ci gaba da canzawa, ku koma. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinku ne. Melanomar da aka kama tun tana sama-sama, ƙaramin aiki ake yi a cire ta mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Malamanmu ma sun sha faɗa mana cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya isar wa na gida, musamman waɗanda ba sa hawa intanet. Masu karatun likitanci da jinya a cikinmu kuma, muna jiran naku ƙarin bayanin a fitowa ta gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya kare mu da iyayenmu baki ɗaya. Amin. Wassalam.